KILO 46, BABU KO SHAFI GUDA

Malam Edita, ka ba ni aron fili in yi faɗa da 'yan'uwana marubuta, domin kuwa maganar nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Magana ce a kan mutanenmu da Allah Ya hore wa halin fita hutu ƙasashen waje, musamman waɗanda ke amsa sunan marubuta a cikinsu, da yadda suke ɓarnatar da ranarsu ta ƙarshe a can, da kuma abin da suke saukowa da shi daga jirgi. Abin da suke saukowa da shi kuwa sananne ne: akwati biyu, kowane kilo 23, watau kilo 46 ke nan, amma ko shafi guda na rubutu babu a ciki. Wannan asara ce, kuma ba ta matafiyin kaɗai ba ce. Ta shafe mu da muke zaune a gida, ta shafi adabinmu, ta kuma shafi yaran da nake tsayawa gabansu kullum safiya da alli a hannu.

Bari mu ɗauki birnin Alƙahira ta ƙasar Masar a matsayin misali, tun da yake gari ne da mutanenmu suka saba da shi, wasu don hutu, wasu don jinya, wasu don karatu. Mutum ya yi kwana goma ko mako biyu a can. Ya je dalar Giza ya hau raƙumi an ɗauke shi hoto, ya shiga jirgin ruwa a Kogin Nilu an sake ɗaukarsa hoto. To, ranar ƙarshe ta zo. Tun da asuba wayarsa ke ƙara, saƙonni na shigowa daga gida kamar ruwan Agusta. Uwargida na son abaya baƙa mai duwatsu, amarya na son irinta amma kada ta zama iri ɗaya, suruka na son man habbatus sauda, ƙanin maigida ya aiko da lambar takalminsa, gwaggo ta ce ita dai a tuna da ita. Sai bawan Allah ya karya kumallo a tsaye, ya tari tasi ya nufi kasuwar Ataba, daga nan ya bi titin Muski da ƙafa har ya ɓulla Khan Khalili, yana ciniki da Larabcin Islamiyya, 'yan kasuwa na amsa masa da Larabcin da bai taɓa ji a littafi ba. Kafin la'asar ya yi gumi sharkaf, aljihu ya yi fayau, hannu ya cika da leda.

Daga nan sai yaƙin sikeli. A dawo masauki a ari ma'auni, a ɗora akwati ya nuna kilo 27, a sauke, a cire wannan a cusa a wancan, a hau kai a zauna don zik ya rufu. Wani har riga uku yake sawa a jikinsa don ya rage wa akwati nauyi. A filin jirgi kuma, inda aka ce a iso awa uku kafin tashi, nan za ka ga dattijo mai mutunci, wanda a gida ko jakarsa ba ya ɗauka da kansa, ya durƙusa a tsakiyar jama'a ya baje kayan matansa a ƙasa yana lissafin abin da zai bari. Wani ya shiga bin fasinjojin da bai sani ba yana roƙon a ɗaukar masa leda guda, alhali duk mai hankali ya san karɓar kayan wanda ba ka sani ba a filin jirgi ya sha jefa bayin Allah cikin kurkuku. Kwalbar turaren da aka ɓata awa guda ana cinikinta kuwa, in an manta an bar ta a jakar hannu, masu bincike za su karɓe, don tun shekarar 2006 aka hana shiga jirgi da abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 a jakar hannu. Da ya samu kujerarsa sai ya ja numfashi, ya rufe taga, ya yi barci. Hutu ya ƙare.

Yanzu ya kai mai karatu, zo mu koma inda mutumin nan ya yini yana ciniki, mu ga abin da ya wuce ta gabansa bai ko ɗaga kai ba. Tsakanin Khan Khalili da Masallacin Azhar titi ɗaya ne kawai za ka tsallaka. An aza harsashin masallacin nan a shekarar 970, aka gama shi a 972, kuma a zamanin da har ɓangare na musamman aka ware a cikinsa don ɗaliban da suka fito daga Barno, su kwana su yi karatu. A birnin nan ne wani malami Bakatsine, Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya yi rubutu a kan lissafin hatimi, ya ƙare rayuwarsa a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A birnin nan ne kabarin Imamu Suyuɗi yake, wanda ya rasu a 1505, ɗaya daga cikin malamai biyun da suka wallafa Jalalaini, tafsirin da ake ja mana baki da shi duk azumi daga Sakkwato har Damagaram, wanda kuma ya taɓa rubuto wasiƙar nasiha ga Sarkin Katsina da Sarkin Agadas. Duk wannan tarihinmu ne, yana kwance a garin mutane, mu kuma muna taka shi muna neman abaya mai duwatsu.

Abin da ya fi ba ni haushi game da marubuta shi ne, lungunan nan da suke ciniki a ciki su ne lungunan da Najib Mahfuz ya mayar da su littattafai, har ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1988. Ɗaya daga cikin littattafansa ma sunan kasuwar ya ci, Khan Khalili. Mutumin ya dubi masu shayi da masu aski da 'yan tireda na unguwarsu, ya ga labari a jikinsu, duniya ta karanta. Namu marubucin ya zo har wurin da kuɗin jirginsa, ya tsaya a kan ƙasar da aka yi wannan aiki, abin da ya gani kawai shi ne farashi. Kuma a gefen Ataba ɗin nan da ya faro cinikinsa akwai kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya. Ina so a nuna mini marubucinmu guda da ya taɓa cire takalmi ƙafa biyu daga akwati don littafi ya samu wuri.

Wani zai ce, to ai sauran kwanakin ma ana iya gani, me ya sa na matsa wa ranar ƙarshe? Dalili shi ne, baƙo a kwanakinsa na farko makaho ne ko da da idonsa. Komai sabo ne, komai na ba shi mamaki, ba ya iya bambance abin da yake na kullum da wanda ya faru don tsautsayi. Sai a ƙarshen zamansa ne ido ke washewa. A lokacin ya san kuɗin garin, ya san inda ake cutar baƙo da inda ake yi masa gaskiya, ya gane mai gadin masaukinsa har suna gaisawa, ya san abin da talakan garin ke karyawa da shi, watau wake da gurasa, kuma ya san nawa ake sayarwa. A ranar ce kuma zuciyarsa ta fara komawa gida, don haka yana kallon garin mutane da ido ɗaya, yana kallon nasa da ɗayan. Babu ranar da ta kai wannan daraja ga mai alƙalami. Ita ce ranar da ya kamata ya nemi wuri ya zauna da kofin shayi, ya rubuta abin da ya gani tun bai huce ba. Ita ce kuma muka ɗauka muka miƙa wa 'yan kasuwa kyauta.

Ita kanta tafiyar jirgin abin rubutawa ce, da muna da ido. Tsakanin Alƙahira da Kano kimanin kilomita 3,100 ne, jirgin yau yana cinye su cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Jiragen sama na farko da suka taɓa sauka a ƙasar nan ta wannan hanyar suka zo: jirage uku na sojan saman Ingila, suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba 1925, suna yada zango a hanya, ba su iso Kano ba sai ranar 1 ga Nuwamba. Kafin su kuwa, ayarin fatake watanni yake yi kafin ya ƙetare Sahara, alhazan ƙafa kuma da suka bi ta Chadi da Sudan shekaru suke yi, wasu ma ba su dawo ba, jikokinsu na can Sudan har gobe suna jin Hausa. Wannan hamadar da ta ci raƙuma da bayi da malamai, ita ce ke shimfiɗe a ƙarƙashin kujerar matafiyinmu. In da rana ne zai ga rairayi da duwatsu iyakar ganinsa, in da dare ne zai yi awowi bai ga fitila ko guda ba, kuma shi ma wannan duhun labari ne. Amma ina! Ya rufe taga. Abin da ke ransa shi ne ko akwati na biyu ya shiga jirgi.

To me muke samu a madadin rubutu? Hira muke samu a zaure, kuma hirar ba ta wuce jimla uku. Can ba a ɗauke wuta, can titi babu rami, ƙasar nan tamu ba za ta taɓa gyaruwa ba. Ko jimlar farko ma ba gaskiya ba ce, domin a shekarun 2023 da 2024 gwamnatin Masar da kanta ta riƙa ɗauke wuta unguwa-unguwa bisa jadawali saboda ƙarancin iskar gas. Wanda ya kwana a otal mai janareto ba zai sani ba, tun da bai tambayi kowa ba. Haka kuma ba zai ba ka labarin dubban mutanen da ke zaune da iyalansu a cikin maƙabartar Ƙarafa ba saboda tsadar muhalli. A ɗaya gefen kuma, abin kirkin da ya gani ma bai san yadda aka yi shi ba. Ya shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ya fito yana salati, amma bai san tun 1987 aka buɗe shi ba, shi ne na farko a nahiyar Afirka, balle ya tambayi wa ya biya kuɗin, nawa talaka ke biya ya hau, kuma yaya aka yi bai mutu ba bayan shekara biyar kamar yadda namu ayyukan ke mutuwa. Yabo babu sani, zagin gida babu bincike. Wannan ba ya ƙara wa kowa komai sai baƙin ciki.

Ga kuma abin da ke cikin ƙagaggun labaranmu, na takarda da na waya. Ku ɗauki duk wanda kuka ga dama ku buɗe wajen ƙarshe, inda Alhaji ya kwashi amarya zuwa cin amarci. Za ku tarar jirginsu ya ɗaga, sun sauka a wani haɗaɗɗen otal, sun sha soyayya, sun yi sayayya ta gani ta faɗa, sai kuma jirginsu ya sauka, motoci sun zo tarba. Ka cire sunan Landan ka sa Dubai, ka cire Dubai ka sa Alƙahira, babu harafi ɗaya da zai bukaci gyara. Ba sanyi, ba zafi, ba wari, ba ƙamshi, ba ɗan garin da ya buɗe baki ya yi magana. Wanda bai taɓa fita ba ya rubuta haka, sai a yi masa uzuri. Amma akwai waɗanda fasfonsu ya cika da tambari, kuma haka suke rubutawa, don kuwa su ma iyakar abin da suka gani ke nan, otal da kanti.

Ni na san inda wannan ke ƙarewa, domin a teburina yake ƙarewa. Duk shekara nakan ba 'yan aji biyu na babbar sakandare jigon insha'i a kan tafiyar da ba za su manta da ita ba. Yaron da na san iyakarsa ƙauyen kakarsa, wanda da zai ba ni labarin motar da ta lalace musu a hanya da yadda aka kwana a tasha da na ba shi maki mai kyau, sai ya rubuto mini cewa jirginsu ya ɗaga zuwa Dubai, sun sauka a haɗaɗɗen otal. Ya koya daga manya cewa tafiyar da ta cancanci rubutu ita ce ta kashe kuɗi, kuma ƙasar waje wuri ne da babu kowa sai masu hidima da masu kanti. Ban ce littafi ne ke tura samarinmu su bi ta Agadas su faɗa Libiya ba, talauci ya fi littafi ƙarfi. Amma yaron da duk abin da ya taɓa ji game da waje shi ne aljanna ce, wa ya ba shi makamin da zai yi wa dillalin hanya gardama?

Kada wani ya ce mini rubutun tafiya al'adar Turawa ce. Ibn Baɗuɗa ba Bature ba ne, kuma ta dalilin labarin tafiyarsa ne muka san a 1353, lokacin da ya sauka Takadda, ana kai tagullarta har Gobir. Ɗorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram da aka kama bawa, aka 'yanta shi, ya bi Barth har Tambutu, ya ƙetare Sahara da shi, ya isa Landan a 1855. Bai yi digiri ba, bai yi difloma ba, amma ya zauna ya ba da labarin abin da ya gani da Hausa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885, har yau masana na cin abinci da shi. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma, ta jirgin ruwa, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya dawo ya ba mu Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944. Malam Aminu Kano, malamin makaranta irina, ya ba mu Motsi Ya Fi Zama a 1955. Abin dariya, abin kuka, filin jirgin da matafiyanmu ke sauka da akwatunansu sunan wannan bawan Allah yake ɗauke da shi. A zamaninsu masu fita waje ana iya ƙirga su da yatsu, suka bar mana littattafai. Yau jirgi na sauke ɗaruruwa a mako, ku ƙirga mini littattafan tafiya da aka ƙara a kansu, ku gani ko yatsun hannu biyu za su ƙare.

Shi kuwa Barth da ya shigo Kano a 1851, bai tsaya sayen tsaraba ba. Ya zaga gari, ya kimanta yawan jama'a, ya rubuta abin da ake saƙawa da abin da ake rinawa da inda ake kai su, ya koma ya buga mujalladi biyar. Shi ya sa har yau ɗan Kano in zai rubuta tarihin kasuwar Kurmi sai ya nemi izini wurin Bajamushe. Sun zo sun rubuta mu. Mu mun je mun sayo.

Na san za a ce tsaraba zumunci ce, kuma wanda ya dawo hannu rabbana ya shiga bakin dangi. Gaskiya ne, ni ma ina son tsaraba, wanda ya kawo mini ba na mayarwa. Amma a yi ta tun kwana uku kafin tashi mana, a ware mata yini guda a gama. Kuma mu daina yaudarar kanmu, rabin kayan nan ba a Masar aka yi su ba, daga Sin suka zo, irinsu na nan jibge a Kantin Kwari, wani lokaci ma da sauƙin kuɗi. Mutum ya biya kuɗin ƙarin kaya don ya ɗauko abin da ke bayan gidansa. Za a ce kuma ai hutu aka je ba aiki ba. To wane hutu ne a cikin durƙuso gaban sikeli? Wanda ya zauna ya rubuta shafi biyar ya fi shi hutawa nesa ba kusa ba.

Masu cewa hoton waya ya wadatar, sai in tambaye su: hoton wa? Ɗari biyu ne a wayar, ɗari da casa'in fuskar mai wayar ce, dala na bayansa kamar an jingina ta don ado. Hoto ba ya faɗin abin da direban tasi ya ce game da tsadar burodi, ba ya faɗin yadda gabanka ya faɗi da jami'i ya daɗe yana juya koren fasfonka. In wayar ta faɗa ruwa kuma shi ke nan.

Uzuri ɗaya ne nake ganin yana da nauyi, shi ne tsoron baki. Mutanenmu na ɓoye tafiya kamar yadda ake ɓoye ciki, kada a ce suna nuna arziki, kada masu roƙo su yi layi, kada maƙiya su sa ido. Na fahimci wannan. Sai dai akwati biyu da ake saukewa daga mota a ƙofar gida da rana tsaka sun fi kowane littafi tallar arziki. Rubutun kirki ma shi ne ke rage hassada, domin shi ne zai faɗi cewa an yi bashi kafin a tafi, an ɓata a hanya, an ci abincin da ya ɓata ciki, an yi kewar tuwo tun kwana na huɗu. Masu cewa kuma malamin makaranta ne, albashinsa bai kai kuɗin tikiti ba, shi ya sa yake huci, to na ji, ban musa ba. Ai shi ya sa nake da haƙƙi a kanku. Wanda ya hau bishiya shi ake tambaya abin da ke bayan katanga.

Saboda haka, Malam Edita, ga roƙona. Mujallar nan sau huɗu take fita a shekara. A ware shafi uku a kowace fitowa don labarin tafiya, kuma a sa sharaɗi: duk wanda ya rubuto haɗaɗɗen otal a mayar masa da abinsa. A ce ya faɗi sunan titi, ya faɗi farashi, ya kawo maganar ɗan gari ko da mutum ɗaya ne, ya faɗi abin da ya ji a ransa lokacin da aka buɗe ƙofar jirgi iskar gida ta buge shi. Duk ɗan ƙungiyar da aka ji ya fita, sakatare ya bi shi bashin rubutu kamar yadda yake bin kuɗin wata. Littafin rubutu mai warƙa 40 bai kai nauyin kwalbar turare guda ba, a aljihun riga ma zai shiga, sikeli ba zai san da shi ba. Ni kuma na ɗauki alkawari, duk labarin da ya fito zan kai shi aji in karanta wa yara kafin in sake ba su wancan jigon insha'in.